“Ya lalace” ko “an lalata shi”? Tsokaci kan Maras Suna na Mary Shelley

A zaman karatunmu da ya wuce an yi gardama har shayi ya huce ba wanda ya kula. Ɗaya daga cikinmu ta karanta gajeren labarinta, na wani agola da ya tashi gidan mijin uwarsa yana cin ƙanzo yana kwana a zaure, har ranar da ya kawo ƙarfi ya cinna wa rumbun gidan wuta. Kafin ta naɗe takardarta wani ya ce, “Ke dai hujja kike nema wa mugu. Wanda ya lalace ya lalace.” Ita kuwa ta ce, “Malam, ban nema mishi komi ba. Lalata shi aka yi, kuma na faɗi.” Nan aka rabu gida biyu, kowa na ɗaga murya.

Ni ranar ban tsoma baki ba. Ilimin harshe nike karantawa, kuma cutar masu wanga karatu ita ce ana faɗa a kan mutum, su suna can suna sauraren aikatau. Maganganu biyu suka tsaya mini a kunne, “ya lalace” da “an lalata shi”. Da na koma ɗaki sai na ɗauko wani tsohon littafi da na karanta a fassarar Faransanci tun ina lise, Frankenstein na Mary Shelley, don a iya karatuna ba littafin da ya zauna a kan wagga tambaya kamar shi. Abin da na samo nike son in kawo muku, ku da kuka yi gardamar da ku da ba ku samu zuwa ba.

Tulu ya fashe

Ku yi haƙuri da ɗan nahawu, ba zan daɗe ba. Akwai aikatau mai son karɓau, akwai wanda ba ya so. “Lalata” yana son karɓau, sai ka lalata wani abu. “Lalace” kuwa ba ruwansa, abu ya lalace, magana ta ƙare. Haka “ɓata” da “ɓaci”, haka “karya” da “karye”, haka “fasa” da “fashe”. Yarinya ta saki tulu a hanyar rijiya, ta dawo gida ta ce, “Inna, tulu ya fashe.” Ba ta yi ƙarya ba, amma ta zame ta fidda kanta daga cikin jimlar.

To haka muke yi wa mutane. Ga jimla uku: yaro ya lalace, an lalata yaro, wane ya lalata yaro. Ta farko ba hannun kowa a ciki. Ta biyu ta yarda akwai hannu, amma “an” ya lulluɓe mai shi da mayafi. Ta uku ita ke kiran suna, shi ya sa ba a cika faɗinta a cikin gida ba, don tana raba zumunci. A ganina aikin marubucin da ya ɗauko mugu shi ne ya kai mu ga jimla ta uku. Akwai ta huɗu kuma, wadda masu tausayi ba su son ji. Za mu iso gare ta.

Daren da aka gudu

Mary Shelley Baturiyar Ingila ce, an haife ta a 1797. Uwarta, marubuciya Mary Wollstonecraft, ta rasu kwana 11 bayan haihuwarta, sai ta tashi hannun uba da matar uba. Ta fara labarin a 1816 a bakin tafkin Janeba, ƙasar Suwis, tana da shekara 18. An buga shi a Landan a 1818 ba tare da sunanta ba, ta kuma sake mishi gyara a 1831.

Kowa gani yake ya san labarin. Wani ɗalibi, Biktor Frankenstein, ɗan babban gida daga Janeba, ya tafi jami'ar Ingolstad a Jamus, ya kwashe kusan shekara 2 yana harhaɗa gaɓoɓin matattu har ya tada wani abu mai siffar mutum, tsawonsa kusan mita 2 da rabi. Yawancinmu nan muke tsayawa, mu ce ya yi shisshigi cikin ikon Allah ya gamu da gamonsa. Wanga karatu yana cikin littafin, ban musa ba. Amma laifin da labarin ya fi daɗewa a kansa shi ne na biyu, wanda ya zo bayan abin ya buɗe ido.

Daren Nuwamba ne, ana ruwa. Abin ya ja numfashi, ya motsa. Biktor ya dube shi, ya ga fata rawaya da idanu kamar ruwa, ƙyama ta kama shi, ya fice ya je ya kwanta. Da ya farka sai ya gan shi tsaye bakin gado, ya ɗaga labule, bakinsa na fidda wasu sautuka da ba kalmomi ba, ya miƙo hannu ɗaya. Biktor ya ɗauka kama shi zai yi, ya ruga tsakar gida, can ya ƙarasa daren. Duk wanda ya taɓa goyon ƙane ya san mi gwaranci da miƙa hannu ke nufi. Marubuciyar ba ta fassara mana ba. Ta bar Biktor ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, ta bar mu mu ga abin da ya kasa gani.

Bai ba shi abinci ba, bai koya mishi kalma ko ɗaya ba, bai raɗa mishi suna ba. A wajenmu ko jinjirin da aka tsinta a bakin kasuwa ba a barinsa haka, sai an kira shi da wani abu. Wanga kuwa tun daga shafin farko har na ƙarshe ba shi da suna, sai dai dodo, shaiɗan, la'ananne. Yau duniya na kiransa Frankenstein, wato sunan wanda ya gudu ya bar shi. Ni a nan zan kira shi Maras Suna.

Ƙofofi biyar

Abin da ya sa littafin ya fi sauran masu irin jigonsa shi ne, a tsakiyarsa marubuciyar ta karɓe magana daga bakin Biktor ta miƙa wa Maras Suna. A kan tsaunin ƙanƙara kusa da Shamoni ya tare mai haɗa shi, ya ce sai ya saurare shi. Daga nan muka ji abin da ya faru bayan daren Nuwamba, mataki bayan mataki.

Ya shiga daji da yunwa da sanyi, bai ma san bambancin gani da ji ba. Ya tsinci wuta, ya sa hannu, ya ƙone. Ya leƙa bukkar wani tsohon makiyayi, tsohon ya yi kururuwa ya gudu. Ya shiga wani ƙauye, aka bi shi da jifa. Sai ya samu wani ɗan akurki da ke jingine da gidan wasu talakawa, ya ɓuya ciki. Mutanen gidan Faransawa ne da aka koro daga ƙasarsu: tsoho makaho mai suna Dalasi, da ɗansa Feliks, da ɗiyarsa Agata. Ta wata tsaga a bango yake kallonsu.

Ku duba abin da ya yi a wanga wuri. Da fari yana ɗibar abincinsu da dare. Da ya gane talauci ke damunsu, har yaran na barin cikinsu da yunwa don tsohon ya ci, sai ya daina, ya koma ga ƴaƴan itace da saiwoyi. Ya lura Feliks na wahalar neman itace, sai ya riƙa yo musu da dare yana ajewa bakin ƙofa. Ba wanda ya koya mishi wannan, ba kuma wanda ya gan shi balle ya gode. Marubuciyar ta ɗauki shafuka da yawa a nan, kuma ba ɓarnar takarda ta yi ba. In ba mu ga tulun da ransa ba, fashewarsa ba za ta dame mu ba.

A nan ne kuma ya koyi magana, wurin da ya fi taɓa ni. Kalmominsa na farko sunayen abin buƙata ne, irin su wuta da madara da itace. Bayansu sai kalmomin zumunta, irin su uba da ɗa da ƴar uwa. Da wata baƙuwa Safi, ɗiyar wani ɗan kasuwa Baturke, ta iso gidan, Feliks ya shiga koya mata Faransanci, shi kuma yana bin darasin daga maɓoyarsa. Faransancin da mu muka koya a kan benci, shi ta tsagar bango ya koye shi. Daga baya ya tsinci jaka da littafi 3 a ciki: doguwar waƙar Milton kan fitar Adamu daga Aljanna, da littafin Plutak na tarihin manyan mazan Girka da Rum, da na Gote kan saurayin da soyayya ta kai shi ga kashe kansa. Da ya iya karatu sai ya tuna da wasu takardu a aljihun rigar da ya fito da ita. Kundin Biktor ne, inda ya rubuta yadda ya haɗa shi da irin ƙyamar da yake ji.

Mu a aji ana ce mana harshe shi ke shigar da yaro cikin al'umma. Wanga ya koyi kowace kalmar zumunta, ya duba, ya tarar ba ɗaya da za ta hau kansa. Kafin ya iya magana yunwa da sanyi kawai ya sani. Da ya iya, sai ya san cewa yar da shi aka yi, ya kuma san sunan wanda ya yar da shi. Wato harshe ne ya kai shi ga jimla ta uku.

Duk da haka bai fid da rai ba. Ya yi dabara: tunda siffarsa ke korar mutane, bari ya fara da wanda ba ya gani. Ya jira ranar da yaran suka fita, ya ƙwanƙwasa, ya zauna gaban makahon, ya ce shi baƙo ne maras kowa, yana neman wasu mutane da yake ƙauna su karɓe shi. Tsohon ya saurare shi, ya ce maganarsa ta yi kama da ta mai gaskiya, ya yi alkawarin taimako. Wannan ɗan zaman shi ne kawai lokacin da aka yi mishi magana kamar ɗan Adam ba tare da tsoro ba. Sai ƙofa ta buɗe. Agata ta suma, Safi ta gudu, Feliks ya fizge shi daga ƙafafun tsohon ya rufe shi da sanda. Yana da ƙarfin da zai yaga Feliks biyu. Bai taɓa shi ba, ya fita.

Washegari ma sai ya ɗora wa kansa laifin gaggawa, ya koma don ya sake gwadawa, ya tarar suna barin gidan, ba su kuma dawo ba. Daren nan ya cinna wa gidan wuta, ba kowa a ciki. Ya kama hanyar Janeba neman Biktor. A hanya ya ga yarinya ta faɗa kogi, ya shiga ya fiddo ta, mutumin da ke tare da ita ya ɗaga bindiga ya harbe shi a kafaɗa. Makonni ya yi a daji yana jinyar kansa.

Ku ƙidaya: Biktor, makiyayi, mutanen ƙauye, Feliks, mai bindiga. Ƙofa biyar, kowace mun ga hannun da ya rufe ta. Biyun ƙarshe sun fi ciwo, don sun zo ne bayan alheri. Kuma ba mugu ko ɗaya cikin waɗanda suka rufe. Feliks ubansa yake karewa, mai bindiga yarinya yake karewa. Da ni ne na shigo na tarar da ƙato irin wannan riƙe da gwiwar tsohona, wallahi sanda zan nema. Littafin bai bar mai karatu ya tsaya gefe yana tsine wa wasu ba.

Jimla ta huɗu

Da a nan labarin ya tsaya, da ƴar uwarmu mai labarin agola ta ci gardama. Amma akwai jimla ta huɗu: yaron da aka lalata ya lalata wani. Wanda yake karɓau ya koma aikau.

Kusa da Janeba ya gamu da wani ƙaramin yaro. Ya yi tunanin wanga bai girma ya koyi ƙyama ba, bari ya ɗauke shi ya rene shi ya zama abokinsa. Yaron ya yi ihu, ya kira shi dodo, ya ce ubansa babban mutum ne, sunansa Frankenstein. Wiliyam ne, ƙanen Biktor. Ya shaƙe shi har ya mutu. Kuma da bakinsa ya faɗi cewa da ya ga gawar murna ya ji, don ya gane ashe shi ma yana iya sa maƙiyinsa kuka.

Wani zai ce fushi ne, ran maza ya ɓaci. To mi za a ce da abin da ya biyo baya? Ya cire wani ɗan hoto daga jikin yaron, ya je ya saka shi cikin tufafin wata budurwa da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, Jistin, mai aiki a gidan su Biktor. Da hankalinsa ya yi, don darussan Feliks sun koya mishi yadda shari'ar mutane ke tafiya. Aka kama Jistin, aka matsa mata har ta amsa laifin da ba ta yi ba, aka kashe ta. Biktor na zaune a kotun, zuciyarsa ta san gaskiya, ya yi shiru don kada a ce ya haukace. Hannu biyu ne a jinin Jistin, na wanda aka yar da na wanda ya yar.

Wace ce Jistin? Nan ne na ga zurfin littafin a karatuna na biyu. Ita ma ƴar wulaƙanci ce. Uwarta ba ta ƙaunarta, bayan rasuwar ubanta ta riƙa gallaza mata, har uwar Biktor ta gani ta roƙa a ba ta ita tana da shekara 12. Ke nan marubuciyar ta aje mana mutum biyu da aka ƙi tun daga tushe, ɗaya ya zama mai kisa, ɗaya ta tashi da kirki. Mai cewa “wanda ya lalace ya lalace” zai yi tsalle ya ce ga shaidarsa. Amma ya dakata. Jistin ta samu ƙofa ɗaya da ta buɗe, ta samu wadda ta ce a ba ni ita. Maras Suna ya ƙwanƙwasa biyar. Wulaƙanci bai tilasta wa kowa mugunta ba, gaskiya ne. Amma haƙurin Jistin ma ba daga sama ya faɗo ba, akwai wadda ta shayar da shi.

Sauran labarin gangara ne. Ya roƙi Biktor ya haɗa mishi mace irinsa, ya yi alkawarin su tafi dazukan Amurka ta Kudu ba a sake ganinsu. Biktor ya yarda, ya tafi tsibiran Orkini a arewacin Sukotilan ya fara aikin, sai tsoro ya kama shi, ya yayyaga ta a gaban idonsa. Maras Suna ya kashe Klerbal, aminin Biktor, ya kashe Elizabet a daren aurenta da Biktor, baƙin ciki ya kashe uban Biktor. Ku duba waɗanda suka mutu: yaro, mai aiki, aboki, amarya, tsoho. Ba ɗaya cikinsu da ya taɓa rufe mishi ƙofa, in ka cire ihun ƙaramin yaro mai tsoro. Ramuwa a wanga littafi ba ta taɓa sauka a kan mai laifi kai tsaye ba.

Hanyoyi biyu na gudu

Akwai hanya biyu da mai labari ke bi ya guje wa wanga nauyi. Ta farko ita ce ta fim ɗin Amurka na 1931, wanda James Whale ya shirya, Boris Karloff ya fito a matsayin dodon. A can an ƙara abin da babu a littafi: yaron aikin likitan ya sato ƙwaƙwalwar wani mai laifi, ita aka sa a kan dodon. An kuma ƙwace mishi magana, sai gurnani. Ko da fim ɗin ya nuna ana azabtar da shi, ya riga ya ba mai kallo mafita: tun asali kan ne ba kyau. An mayar da mu ga “tulu ya fashe”. Irin wanga mugu ne ya cika rubuce-rubucenmu, kishiya da matar uba da aka haifa da baƙar zuciya, ba jiya ba shekaranjiya.

Ta biyu ita ce ta tatsuniyarmu. Ɗiyar bora ana zaginta, ana aikenta kogi mai nisa, ta yi haƙuri, ta yi ladabi ga tsohuwar da ta gamu da ita a hanya, ta dawo da dukiya. Ɗiyar mowa ta bi sawu da rashin kunya ta dawo da masifa. Ina son wagga tatsuniya, da ita aka rene ni. Amma alkawarin da take yi shi ne wulaƙanci na gyara mutum kuma haƙuri na biya tun a duniya. Ba ta taɓa tambayar mi zai faru ranar da ɗiyar bora ta gaji ba, ko ranar da ta isa kogin ba ta tarar da tsohuwa ba. Mary Shelley ta ɗauki ɗiyar bora, Jistin, ta miƙa ta ga hauni.

A adabinmu wanda na sani ya yi ƙarfin halin wagga tambaya tun da wuri shi ne Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran Hausa 5 na farko da aka buga daga Zariya a shekarun 1930. Abubakar na son Zainabu, attajiri Malam Shehu ya sa dukiya ya raba su. Abubakar bai tashi mugu ba, an taka shi ne don ba shi da shi. Ya shiga duniya neman asirin ramuwa, kuma a kan wa ya sauke shi? A kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa wa attajirin, wanda ko cikinsa ba a yi ba lokacin da aka yi cutar. Yaron ya tashi ɓarawo har ajalin ubansa ya zo ta hannunsa. Kyauta da Wiliyam ƴan ɗaki ɗaya ne. Inda littafin namu ya yi rauni, a ganina, shi ne lalacewar Kyauta asiri ne ya ɗauki mafi yawan nauyinta, kuma asiri ɗan uwan ƙwaƙwalwar sata ne, yana taƙaita wa marubuci hanya. Abubakar shi ne aka gina da kyau, don mun ga raunin, mun ga kuma ranar da ya zaɓi ya mayar da shi makami.

Inda littafin ke ɗingishi

Kada ku ce na mayar da Frankenstein littafin da ba aibi. A matsayina na mai karatun harshe, ban yarda wani zai saurari mutane ta tsagar bango na wajen shekara ɗaya, ba wanda ya taɓa mayar mishi da magana, ya fito yana karanta Milton ba. Yaro da hulɗa yake koyon harshe, a yi mishi magana ya mayar a gyara. Jakar littattafan ma ta faɗo daidai inda ake buƙatarta, kamar a tatsuniya. Matan littafin kuwa kusan duk an kawo su ne don a yi kukan mutuwarsu.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan girma. Duk labarin itacen da aka aje bakin ƙofa da yarinyar da aka fiddo daga kogi, daga bakin Maras Suna kaɗai muka ji shi, ba shaida. Shi kuwa mai fasahar magana ne ƙwarai, har Biktor ya gargaɗi mai saurarensa kada zaƙin bakin ya ruɗe shi. Da fari na ɗauki wannan aibi. Yanzu ina ganin da gangan ne. Haka muke jin labarin kowane mai laifi, daga bakinsa, ya jera raunukansa a gaba ya tura gawawwakin baya. Aikin mai karatu ne ya gaskata raunin ba tare da ya manta da gawar ba.

Marubuciyar ma ba ta manta ba. A ƙarshe Biktor ya mutu cikin jirgin ruwan wani matuƙi, Walton, can cikin ƙanƙarar arewacin duniya inda ya bi sawun abin da ya haɗa. Walton ya shigo ya tarar da Maras Suna tsaye kan gawar yana kuka yana neman gafara. Tausayi ya fara kama shi, sai ya tuna, ya kira shi munafuki, ya ce kukansa na wanda abin farautarsa ya kuɓuce mishi ne. Maras Suna bai musa kisan ba. Ya amsa cewa ya kashe marasa laifi, ya ce yana ƙyamar kansa fiye da yadda kowa zai ƙyamace shi, amma ya tambaya don mi shi kaɗai za a kira mai laifi alhali ga Feliks ga mai bindiga. Littafin ya rufe ba tare da ya ba ɗayansu gaskiya duka ba.

Mu koma ga agola

To, ɗan uwa mai cewa wanda ya lalace ya lalace, jimlarka gajera ce, ka fidda mijin uwar da duk waɗanda suka wuce ta zauren suna ganin yaron kwance. Bayyana dalili ba wanke laifi ba ne. Likitan da ya faɗi inda cuta ta samo asali ba goyon bayanta yake ba. In muka hana marubutanmu nuna yadda ake yin mugu, za mu ci gaba da rubuta miyagun da ba su kama da kowa, mai karatu ya rufe littafi yana ganin shi ba ruwansa.

Ke kuma ƴar uwa, labarinki ya isa jimla ta uku da kyau, amma kin tsaya daidai inda wutar ta tashi, kamar ita ce hukuncin. Ina roƙonki shafi biyu ƙari. Ki nuna mana rana ɗaya da agolan ya kusa samun shiga, ko da kwanon tuwo ne wata gwaggo ta tura mishi a ɓoye, don mu san abin da aka rasa. Sannan ki kai mu washegarin gobarar. Hatsin wa ke cikin rumbun? Mijin uwar na iya cin bashi ya kai damina. Uwar fa, da ƙannen da ta haifa a gidan, waɗanda ba su taɓa hana shi komi ba, mi za su ci a watan bakwai? Ki bar agolan ya ga fuskar ƙaramarsu, ki gaya mana abin da ya ji, ko murna ce ko akasinta, kada ki ɓoye.

Fassarar Faransancin tana wurina, bangon ya yage amma shafukan sun cika. Mai so ya zo da kuɗin fotokopi a zama mai zuwa, mu fara da babin makaho.